Tsakanin Helios-44 da Jupiter-9: wane tsohon lensin Rasha ya dace da kyamarar zamani?

Ɗan Gwammaja:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Ina aiki da kyamarar Sony a6000 tare da ƙaramin lensin da ta zo da shi, mai 16-50mm, kuma yawancin aikina hoton mutum ɗaya ne ko biyu, wato amarya kafin biki, da ɗalibai masu kammala karatu, da teloli masu son a ɗauki ɗinkinsu a jikin mutum. Damuwata ita ce bayan hoton ba ya dushewa yadda nake so, komai yana fitowa tar, har da igiyar shanya da katangar maƙwabta, kuma kuɗin sabon lensi mai faffaɗar ƙofar haske ya fi ƙarfina a halin yanzu. Na ga ana yawan yabon tsofaffin lensunan Rasha waɗanda ake juya fokas ɗinsu da hannu, musamman Helios-44 da Jupiter-9. Ina neman shawara a kan wanda ya kamata in fara da shi, da abin da zan duba kafin in biya kuɗi, domin ba na son in saya in ajiye.

Baba Injiniya:
Wa alaikumus salam, ɗana. Na yi karatu a Harkov a zamanin Tarayyar Sobiyet, kuma kusan duk ɗalibin Afirka da na sani a can ya dawo gida da kyamarar Zenit a cikin akwatinsa, da Helios-44 a bakinta, saboda haka abin da kake tambaya ba baƙo ba ne a wurina. Yana da kyau ka san asalin waɗannan lensuna, domin asalin ne yake bayyana halinsu. Bayan an gama Yaƙin Duniya na Biyu a 1945, Sobiyet ta kwashi injuna da zane-zane da gilashi daga masana'antun Zeiss na Jamus a matsayin diyyar yaƙi, har aka mayar da layin ƙera kyamarar Contax zuwa masana'antar Arsenal da ke Kiyef, inda ta koma fitowa da sunan Kiev. Helios-44 mai 58mm f/2 (lambar f tana nuna faɗin ƙofar haske, ƙaramar lamba faffaɗar ƙofa ke nan) an gina shi ne a kan tsarin Biotar na Carl Zeiss Jena, kuma masana'antar KMZ da ke Krasnogorsk kusa da Mosko ta fara fitar da shi a 1958. Dangin Jupiter, irin su Jupiter-8 mai 50mm f/2 da Jupiter-3 mai 50mm f/1.5 da Jupiter-9 mai 85mm f/2, sun fito ne daga tsarin Sonnar na Ludwig Bertele. Dangin Industar kuwa tsarin Tessar ne mai gilashi huɗu, wanda Paul Rudolph ya ƙirƙiro tun 1902.

Ba duka a Rasha aka ƙera su ba. An yi Helios-44 a Krasnogorsk, an yi shi a Valdai, an kuma yi shi a Minsk da ke Belarus ta yau, sannan masana'antun Arsenal da FED duka a Yukren suke. An ƙera su miliyoyi, shi ya sa har yau ba su yi tsada irin ta takwarorinsu na Jamus ba, kuma shi ya sa guda biyu masu suna ɗaya za su iya ba ka hoto daban. Shawarata ita ce ka fara da Helios-44-2, ɗaya daga cikin nau'o'in Helios-44. A kan kyamararka, wadda sensarta (abin da yake karɓar hoto a madadin fim) ƙarama ce, 58mm zai yi maka aikin da 87mm yake yi a kan cikakkiyar sensa mai girman fim, kuma wannan shi ne tsawon da masu hoton fuska suke nema tun da can.

Malam Mai Gyara:
Baba ya faɗi gaskiya, sai dai ina so in ja hankalin ƙanenmu zuwa ga abin da ya fi sunan lensi muhimmanci, wato gindinsa, inda yake haɗuwa da kyamara. Kowane lensi an ƙera shi ne ya zauna a wata tazara ƙayyadaddiya daga fim ko sensa, kuma aikin adafta, wato mahaɗin da ake sawa tsakanin lensi da kyamara, kawai shi ne ta cike wannan tazarar, ba ƙari ba ragi. Lensunan Zenit masu murɗin M42 suna buƙatar milimita 45.46. Bakin Sony E yana da milimita 18 kacal daga sensa, saboda haka akwai wadataccen fili, kuma adaftarka za ta zama bututun ƙarfe ne kawai marar gilashi a ciki. Haka abin yake ga Fujifilm X da Canon RF da Nikon Z da duk sauran kyamarori marasa madubi.

Inda mutane suke faɗawa rami shi ne murɗin M39, domin iri biyu ne masu kama ɗaya. Akwai na kyamarorin Zorki da FED, wanda ya bi tsarin tsohuwar Leica, tazararsa milimita 28.8. Akwai kuma na Zenit ta farko, wanda murɗinsa 39 ne amma tazararsa ta kusa ta M42, wajen milimita 45.2. Idan ka sayi lensin Zenit M39 ka ɗaura shi a kan adaftar Leica, zai shiga lafiya lau, amma ba za ka taɓa samun fokas ba. Maganinsa ɗan siririn zobe ne mai mayar da 39 zuwa 42, sannan ka sa shi a adaftar M42, ko da yake wani lokaci fokas na nesa yakan ɗan gaza kaɗan. Jupiter-9 da kake tambaya a kansa ya fito a M39 na Zorki, ya fito a M39 na Zenit, ya fito a M42, ya kuma fito a bakin Kiev, don haka kada ka biya kuɗi sai mai sayarwa ya nuna maka hoton gindin lensin. Ka guji na bakin Kiev gaba ɗaya a matsayinka na mai farawa, musamman Jupiter-8M, domin shi ba shi da abin juya fokas a jikinsa, a jikin kyamarar abin yake, kuma adaftarsa takan fi lensin tsada. Ka kuma yi nesa da Jupiter-12 mai 35mm, wanda gilashinsa na baya ya zuro ciki sosai, har yakan daki cikin kyamarori masu ƙaramar sensa.

Hajiya Mai Hoton Biki:
Ina neman afuwar Baba da Malam, amma ni ra'ayina ya bambanta, kuma na ga ya zama wajibi in faɗa tunda yaron nan da wannan aikin yake cin abinci. A kan kyamara irin tasa, idan ya buɗe Helios a f/2 ya tsaya mita biyu daga mutum, wurin da zai fito da kaifi bai wuce santimita 10 ba daga gaba zuwa baya. Amarya ta ɗan sunkuyar da kai, ko ƙawarta ta kira ta ta waiga, shi ke nan fokas ya bar ido ya koma kan ɗan kunne. A ɗakin hoto ana iya cewa a sake, amma a wurin kamu ko walima babu wanda zai sake maka shigowar amarya. Na ga samari da dama sun kawo mini hotuna suna murna da yadda bayan ya dushe, alhali idon mai hoton a dushe yake shi ma, kuma uwar amarya ba ta biyan kuɗi don ganyen bishiya ya yi kyau.

Abu na biyu, wannan murɗewar bayan hoto da ake yayata Helios saboda ita, wato yadda bayan yake fitowa kamar yana juyawa kewaye da mutum, a gefen hoto take faruwa, kuma ƙaramar sensa gefen nan ne take yankewa ta zubar. Hotunan da ake nunawa a intanet yawancinsu da cikakkiyar sensa aka ɗauke su. Idan aka haɗa kuɗin lensin da na adafta da na aikowa daga Turai da abin da za a biya kafin kaya su fito, ban ga ya yi nisa da kuɗin 50mm f/1.8 wanda aka taɓa amfani da shi, mai kama fokas da kansa ba. Ko kuma ya duba sababbin lensunan Sin irin su TTArtisan da 7Artisans, waɗanda su ma da hannu ake juya su, amma sababbi ne, ba su yi shekara 40 a cikin akwatin wani ba. Araha ba ta ado, ƙanena.

Ɗan Gwammaja:
Na gode Hajiya, wannan magana ta shige ni. Ba na ɗaukar taron biki tukuna, hotunan da nake yi na tsayawa ne, inda mutum yake jira in shirya. Amma maganar yankewar gefe ta dame ni, domin gaskiya wannan murɗewar tana cikin abin da ya ja hankalina. Shin ba za ta fito ba sam a kan kyamarata?

Ɗan Damagaram:
Za ta fito, abokina, sai dai ba da ƙarfin da kake gani a hotunan mutane ba, kuma sai ka shirya mata. Dalilin murɗewar shi ne, idan ƙofar haske tana buɗe gaba ɗaya, jikin lensin yana tare wani ɓangare na hasken da yake shigowa ta gefe, sai ɗigon haske da suke zagaye a tsakiyar hoto su koma masu tsawo a gefe, su jeru suna kewaye tsakiya. Don haka tana buƙatar abu uku a lokaci ɗaya: lensi a f/2, mutum a tsakiya kamar mita ɗaya da rabi zuwa biyu daga gare ka, da kuma baya mai ƙananan ɗigon haske da yake 'yan mitoci a bayansa. Bishiyar dalbejiya da rana take ratsa ganyenta bayan la'asar tana ba da ita sosai. Idan bayan mutum katanga ce ko sararin sama, ba za ka ga komai ba ko da kyamarar miliyoyi kake riƙe da ita. Akwai kuma adafta mai gilashi da take tattaro hoton ta matse shi a kan ƙaramar sensa da kusan 0.71, wadda take dawo da yawancin gefen da aka yanke ta kuma ƙara haske, amma mai kyau a cikinsu tana da tsada, marar kyau kuma tana ɓata gefen hoto.

Ni bidiyo nake yi, kuma dalilin da ya sa nake riƙe da Helios-44-2 ya wuce murɗewa. Yana da zobe biyu na ƙofar haske. Na gaba yana da ƙas-ƙas, da shi kake zaɓar iyakar da kake so, misali f/5.6. Na biyun kuma sumul yake juyawa ba tsayawa, daga buɗe gaba ɗaya zuwa iyakar da ka zaɓa. Ga mai bidiyo wannan babbar ni'ima ce, domin kana iya rage haske a hankali yayin da mutum yake fitowa daga zaure zuwa tsakar gida ba tare da hoton ya yi tsalle ba. Ga mai hoto kuma, kana saita fokas a buɗe inda ka fi gani, sannan ka murɗa zoben zuwa ƙarshe ka danna, ba sai ka ɗaga ido daga kyamara ba. Masu shirya fina-finai sun gano wannan, har akwai kamfanoni da suke cire gilashin su sa shi a sabon jiki na aikin sinima, kuma wannan yana cikin abin da ya ɗaga farashinsa a 'yan shekarun nan.

Na yarda da Hajiya a kan taron biki, ban yarda da ita a kan lensunan Sin ba. Suna da tsabta, amma launin da tsohon gilashi yake bayarwa da yadda yake sassauta fata ba ɗaya ba ne, kuma abokin ciniki yana lura da bambancin ko da bai san sunansa ba.

Bazazzagi:
Ina bin wannan muhawara da sha'awa. Baba, ni Nikon D5300 gare ni, mai madubi. Na sayi adaftar M42 na ɗaura Helios na wani abokina, sai na ga yana kama abin da yake kusa amma ya ƙi kama abin da ya wuce 'yan mitoci. Lensin ne ya lalace ko adaftar?

Baba Injiniya:
Babu wanda ya lalace a cikinsu, ɗana, lissafi ne ya hana. Bakin Nikon F yana da milimita 46.5 daga sensa, lensin kuma yana son ya zauna a 45.46, ka ga tun kafin a sa adafta ya riga ya yi nisa da fiye da milimita ɗaya, kaurin adaftar kuma ya ƙara tura shi gaba. Ana sayar da adafta mai ɗan gilashi a ciki don gyara wannan, amma gilashin yakan rage kaifi ya kawo hazo idan ƙofar haske tana buɗe. Masu Canon EF sun fi ku sa'a, domin nasu 44 ne, siririyar adafta ta ishe su, ko da yake a kan masu cikakkiyar sensa irin 5D wasu lensunan sukan taɓa madubi idan an kai fokas ƙurewar nesa. Masu Pentax K kuwa tazararsu daidai take da ta M42.

Kai abin da ya dace da kai shi ne lensunan da Arsenal ta ƙera wa kyamarorin Kiev-17 da Kiev-19, domin da bakin Nikon aka yi su tun asali. Ka nemi waɗanda sunansu ya ƙare da harafin N, wanda a rubutun Rashanci yake kama da H, irin su Helios-81N mai 50mm f/2, da Mir-24N mai 35mm f/2, da Kaleinar-5N mai 100mm f/2.8. Suna shiga kai tsaye ba adafta. Haka kuma lensunan da sunansu ya ƙare da A, kamar Jupiter-37A, ana kwance gindinsu a sauya da na Nikon. Sai dai ka sani D5300 ba ta auna haske da lensin da ba shi da lantarki, don haka a saitin M, inda kai kake saita komai da kanka, za ka yi aiki, kana ɗauka kana duba allo kana gyarawa.

Hajiya Mai Hoton Biki:
Tunda ƙanen namu ya ce hoton tsayawa yake yi, na sassauta, amma akwai abin da ban ji an ambata ba, kuma ya shafi mutanen da muke ɗauka. Yawancin tsofaffin lensunan nan shafe ɗaya ne a kan gilashinsu, ba shafe mai hawa-hawa irin na yanzu ba. Da zarar rana ta shigo ta gaba ko ta gefe, sai wani farin hazo ya lulluɓe hoton, baƙi ya daina zama baƙi. A kan farar fata wannan yakan yi kyau, shi ya sa Turawa suke yabonsa. A kan baƙar fata yana mayar da fuska toka-toka, kamar mutum bai shafa mai ba, kuma ranarmu ba irin tasu ba ce. Duk wanda zai yi aiki da Helios ko Jupiter a nan dole ya sa masa hula mai zurfi a bakinsa don tare rana, ya kuma ɗauki hoto a RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, domin ya dawo da duhun a kwamfuta. Idan ka ga an rubuta MC a jikin lensi, wannan yana da shafe mai hawa-hawa, kuma ya fi jure rana.

Game da Jupiter-9, na riƙe shi na yi aiki da shi. A f/2 yana da laushi ƙwarai, da wani ƙyalli a gefen farin kaya, sai an rufe shi zuwa f/2.8 ko f/4 yake farfaɗowa. A kan ƙaramar sensa yana zama kamar 127mm, ma'ana idan kana son mutum daga kai zuwa ƙafa sai ka ja baya sosai, kuma tsakar gidajenmu na cikin gari ba su da wannan filin.

Baba Injiniya:
'Yata, a kan hula da rana kin yi daidai, amma ina so in kare Jupiter-9 kaɗan. Wannan laushin da kike kira aibi, shi ne dalilin da ya sa aka so shi a hoton fuska, domin yana ɓoye ƙananan ƙuraje da layukan tsufa ba tare da an taɓa hoton a kwamfuta ba, kuma hoton dattijuwa da aka ɗauka da shi a inuwa yana da kwarjinin da lensi mai tsananin kaifi ba ya bayarwa. Ƙofar haskensa ganye 15 gare ta, wato siraran ƙarafan da suke buɗe ta da rufe ta, saboda haka ko an rufe shi zuwa f/4 ɗigon hasken baya suna nan zagaye, ba su yin kusurwa. Na amince dai ba shi ne na farko da ya kamata yaro ya saya ba. Idan mutum yana son dogon lensi mai kaifi tun daga buɗe, kuma mai sauƙin kuɗi, Jupiter-37A mai 135mm f/3.5 da aka ƙera a Kazan ya fi shi ba da abin da aka biya. Helios-40 mai 85mm f/1.5 shi ne sarkin murɗewa, amma nauyinsa ya kusa kilo guda kuma kuɗinsa ya ninka na Helios-44 sau da yawa, ba na ganin ya dace da ƙaramin jiki irin a6000.

A ɓangaren faɗi kuwa ba na ba kowa shawara ya wahalar da kansa. Mir-1 mai 37mm f/2.8 ya sami babbar lambar yabo a baje kolin duniya na Brussels a 1958, kuma wasu na farko suna ɗauke da rubutun hakan a jikinsu, amma a kan ƙaramar sensa ya koma kamar 55mm, ba faɗi ke nan ba, kuma ba ya jure rana. Lensin da ya zo da kyamararka ya fi shi amfani a wannan ɓangaren.

Ɗan Damagaram:
Akwai ɗaya da ya dace da aikin teloli da ya ambata, kuma ba a faɗe shi ba, wato Industar-61 L/Z mai 50mm f/2.8, na masana'antar Lytkarino, mai murɗin M42. Yana matsowa har santimita 30 daga abu, alhali Helios-44 yana tsayawa a rabin mita, Jupiter-9 kuma a santimita 80. Idan tela yana son a ga zaren aikin wuyan babbar riga ko ƙyallin shadda ɗaya bayan ɗaya, wannan ne zai fito da shi, domin yana da kaifi da ƙarfin launi fiye da Helios. Tsakanin f/5.6 da f/8 ƙofarsa tana yin siffar tauraro mai kusurwa shida, wanda yake bayyana a ɗigon hasken baya, wasu suna so wasu ba sa so. A kula kada a rikita shi da Industar-61 L/D, wanda na kyamarar FED ne mai M39, kuma ba ya matsowa kusa haka.

Malam Mai Gyara:
Yanzu bari in zo kan abin da za ka duba, domin lafiyayyen Helios na Valdai ya fi na KMZ da ya sha wahala, duk da cewa mutane sun fi yabon na KMZ. Idan lensin yana hannunka, ka buɗe ƙofar haske gaba ɗaya, ka haska fitilar waya ta baya a karkace, kai kuma ka leƙa ta gaba ba tare da ka kalli fitilar kai tsaye ba. Ƙura 'yar kaɗan ba komai ba ce, babu tsohon lensin da ba shi da ita. Ƙananan kumfa a cikin gilashin su ma ba aibi ba ne, daga narka gilashin suka samo asali. Abin tsoro shi ne fumfuna, wadda za ka gan ta da siraran rassa kamar saƙar gizo-gizo, yawanci tana farawa daga gefe, domin idan ta daɗe tana cinye shafen gilashi, ko an wanke tabon yana nan. Na biyu shi ne hazo mai rufe gilashi ɗaya gaba ɗaya. Na uku shi ne ƙarzuwa a gilashin baya, wadda ta fi ta gaba illa nesa ba kusa ba. Lensunan farko masu farin jikin alminiyom gilashinsu na gaba yana da saurin ƙarzuwa, za ka gan shi da ɗaruruwan siraran layuka saboda goge shi da bakin riga.

Bayan haka ka rufe ƙofar zuwa f/16 ka dubi ganyayyakin. Idan suna ƙyalli da mai, a kan 44-2 da Jupiter-9 abin da sauƙi, tunda hannunka ne yake tura su, amma a kan masu rufewa da kansu man yana sa su maƙale. Sannan ka juya zoben fokas daga farko zuwa ƙarshe. Giris ɗin da aka sa musu yakan bushe ya daskare, sai ka ji yana da tauri ko yana kamewa a wani wuri. Wannan gyara ne mai sauƙi, a kwance a wanke a sa sabo, amma ya zama dalilin rage kuɗi. Wanda yake lilo ko yake ƙara idan ka girgiza shi, wani ya taɓa buɗe shi bai mayar daidai ba, kuma na sha karɓar irinsu an juya gilashi ɗaya baibai.

A kan nau'o'in Helios, na farkon akwai mai ganye 13 akwai mai 8, kuma yawancinsa M39 ne na Zenit, 44-2 yana da 8, su 44M-4 da 44M-6 da 44M-7 kuma suna da 6, sun fi kaifi da jure rana amma ɗigon haskensu yana yin kusurwa idan an rufe. Waɗannan na ƙarshen suna da ɗan tsinke a gindi wanda kyamarar Zenit take dannawa kafin ƙofar ta rufe, kuma ba su da maɓallin A da M, mai mayar da rufe ƙofar zuwa hannu, irin na 44M na asali. Idan adaftarka ba ta da ɗan leɓe a ciki da zai danne tsinken, lensin zai zauna a f/2 duk yadda ka juya zoben. A lensuna da yawa lambobi biyun farko na lambar jiki su ne shekarar ƙira, misali 78 yana nufin 1978, amma ba kowace masana'anta ce ta bi wannan a kowane lokaci ba.

Ɗan Gwammaja:
Allah Ya saka da alheri, Malam. Na tsayar da shawara a kan Helios-44-2 da hula, sannan idan aiki ya buɗe in ƙara da Industar-61 L/Z saboda teloli. Saura tambaya biyu: ina ya fi dacewa in nema, kuma me zan canza a saitin kyamarar?

Hajiya Mai Hoton Biki:
Ka fara da gida kafin waje. Tsofaffin masu ɗakin hoto da iyalan waɗanda suka yi karatu a Sobiyet suna da Zenit a ajiye, kuma sau da yawa za a sayar maka da kyamarar da lensin tare a ƙasa da kuɗin lensin kaɗai a intanet, ga shi kuma za ka haska fitila ka gani da idonka. Tun da yaƙin Rasha da Yukren ya ɓarke a 2022, biyan kuɗi da aiko kaya daga Rasha ya yi wuya, amma akwai masu sayarwa a Yukren da Foland da Jamus da Ingila. Idan daga can za ka saya, ka nemi hoton gilashi da fitila a bayansa, da hoton da aka ɗauka da lensin kansa, kuma ka zaɓi mai karɓar kaya idan an dawo da su. Sharaɗina ɗaya ne: kada ka kai shi aikin kuɗi sai hannunka ya faɗa da shi a kan 'yan gidanku, kuma ko bayan haka lensinka mai kama fokas da kansa ya kasance a cikin jaka.

Malam Mai Gyara:
A saitin kyamara, ka ba ta izinin ɗaukar hoto ko da ba ta ga lensi ba, domin adaftar ba ta da lantarki, kyamarar za ta ɗauka bakinta a buɗe yake ta ƙi dannuwa. Ka kunna launin da yake nuna inda fokas ya zauna, amma kada ka dogara da shi a f/2, ka sa ƙara girman hoto a kan maɓalli ɗaya da yatsanka yake kaiwa, ka zuƙo idon mutum kafin ka danna. Ka yi aiki a saitin A, kai kana juya ƙofar haske a jikin lensi, kyamara tana zaɓar sauri. Tunda a6000 ba ta da abin hana girgiza a jikinta, kada saurin ya sauka ƙasa da 1/125, gara ka ɗaga ISO, wato ƙarfin jin haske na sensa. Adaftar ta zama ta ƙarfe, kuma ranar da ta iso ka gwada ta a kan hasumiyar masallaci ko eriya mai nisa, idan ta kasa kamawa ka mayar da ita, domin ta yi kauri. Da damina ka ajiye lensin a cikin roba mai murfi tare da ƙunshin silika mai shanye danshi, a wuri mai haske, ba cikin jakar fata ba. Da hunturu kuma ka riƙa hure ƙura da abin hurawa kafin ƙyalle ya taɓa gilashin, sannan ka sa masa filta mai milimita 49, wadda ita ce girman bakin 44-2.